Fim ɗin Il Gattopardo: a fara da littafin ko da kallo?

Malam, ka tambaya ko wanda bai karanta littafin ba zai ji daɗin fim ɗin. Zai ji, amma ni dai shawarata ka fara da karatu.

Giuseppe Tomasi di Lampedusa, ɗan Italiyan da ya rubuta littafin, ya rasu a 1957, littafin kuma ya fito a 1958. Darakta Luchino Visconti ya mayar da shi fim a 1963, haɗin gwiwar Italiya da Faransa, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes. Burt Lancaster ne ya fito a matsayin Yarima Salina, basaraken tsibirin Sisili da ke kallon sarauta tana kuɓuce wa gidansu bayan saukar Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, a tsibirin a 1860.

Visconti ya yanke ƙarshen labarin. A littafi za ka ga rasuwar yariman, ka ga 'ya'yansa mata sun tsufa a gida. Fim ɗin kuwa ya tsaya a liyafar rawa ta kusan minti 45. Wasu kan ce ta yi tsawo. Wallahi ban yarda ba, domin a fuskar dattijon nan, tsakiyar masu rawa, ake ganin mutuwar da aka cire. Wanda ya karanta ne zai gane ta sosai.