Tambaya da Amsa: Ƙanena na gidan yari a Amurka, za a ba shi beli kafin a gama ɗaukaka ƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, dan Allah a sakaya sunana. Ƙanena ne yake zaune a Houston ta jihar Texas, yana da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, amma bai zama ɗan ƙasa ba, aka kama su kan wata harkar damfara ta intanet, lauyan da kotu ta ba shi ya ce ya amsa laifi kawai za a sassauta masa, ya amsa, aka ɗaure shi shekara 6 a gidan yarin gwamnatin tarayya. Sai daga baya ya gane wai in ya gama tasa ƙeyarsa za a yi zuwa Najeriya, kuma ya rantse lauyan bai taɓa faɗa masa haka ba, ga mata da yara biyu a can. Ya shigar da ƙorafin da suke cewa 2255, alƙali ya yi watsi da shi watan jiya, yanzu ya ce zai ɗaukaka ƙara. Wani mutum a can ya ce in mun haɗa dala dubu 15 zai fito da shi beli kafin a gama, Hajiyarmu har ta fara maganar sayar da filinta. Ga shi yana da ciwon suga. Da gaske ana ba da belin nan? Daga 'yar'uwarku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo masa mafita ya ba Hajiya haƙuri. Maganar fili dai ki ce mata ta dakata, kar a sayar. Belin da kike tambaya akwai shi a doka amma samunsa a matakin da ƙanenki yake yana da wuya ƙwarai da gaske, kuma ba kuɗi ne ke kawo shi ba, alƙali ne ke ba da shi bisa hujja. Wanda ya ce a tura masa dala dubu 15 ya fito da shi, ki tambaye shi ko shi lauya ne mai lasisi kuma a wace jiha, don galibin jihohin Amurka suna da shafin da ake duba sunan lauya kyauta, in ya fara kame-kame to kin samu amsarki.

Mutanenmu suna haɗa abu biyu wuri guda. Akwai ɗaukaka ƙara ta farko, wadda ake yi cikin kwana 14 bayan an yanke hukunci, ita wannan dokar beli ta 1984 ta yi mata tanadi, in mutum ya gamsar da kotu ba zai gudu ba, ba haɗari ba ne ga jama'a, kuma ƙararsa ta ƙunshi wata babbar magana da za ta iya rusa hukuncin. Ko a nan ma an fi hanawa fiye da bayarwa. To ƙanenki ya wuce wannan gaɓar. Shi 2255 sashe ne na dokar tarayya da fursuna ke bi ya koma gaban kotun da ta ɗaure shi ya ce an take masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, kuma tun dokar 1996 shekara ɗaya kacal ake ba mutum ya shigar. A idon kotu yanzu shi mai laifi ne da hukuncinsa ya tabbata, ya amsa da bakinsa, ya kawo ƙorafi an duba an ce babu, kin ga kuwa wanda zai ce a sake shi kafin a gama sai ya zo da abu mai nauyi.

Texas tana ƙarƙashin kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 5 mai zama a New Orleans, kuma ma'aunin da take bi ya samo asali ne daga shari'ar William Calley a 1974, sojan nan da aka samu da laifin kisan ƙauyen My Lai a yaƙin Biyetnam. Alƙalin ƙaramar kotu ya ba shi beli yana cikin ƙalubalantar hukuncinsa, kotun sama ta soke belin ta ce sai an haɗa abu biyu, wato ƙorafin ya zama na tsarin mulki mai ƙarfi wanda ake kyautata zaton zai yi nasara, sannan a samu wani yanayi na musamman da in ba a saki mutum ba nasarar ma ba za ta amfane shi ba. Biyun tare, ba ɗaya ba. Misalan da kotuna suka yarda da su 'yan kaɗan ne, kamar wanda ɗaurinsa gajere ne har zai gama shi kafin a saurari ƙarar, akwai wani a Florida a 1968 da aka ɗaure kwana 120 aka ba shi saboda haka, ko wanda lafiyarsa ta taɓarɓare sosai a tsare. Kan ciwon suga ma an taɓa yi, a 1955 wata kotu ta amince a fitar da wani fursuna mai suga da ke neman makancewa, amma asibiti aka kai shi, ba gida ba. Suga da ake shan magani ana zaune lafiya kotu za ta ce akwai likita a gidan yari. Maganar mata da yara kuwa, Allah ya sani abin tausayi ne, amma alƙali zai ce kusan kowane fursuna yana da iyali.

Ko a nan gida ai haka abin yake, kin tuna Orji Uzor Kalu, tsohon gwamnan Abiya, da aka ɗaure shekara 12 a Disambar 2019, ya nemi beli aka hana shi, yana Kuje har sai da Kotun Ƙoli ta rusa shari'ar a watan Mayun 2020.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba belin ba ne, kalmar "zai ɗaukaka" ce. Zai, ko ya yi? Kwana 60 ne daga ranar da aka shigar da hukuncin watsi, kin ce watan jiya ne, to lokaci na tafiya, takardar sanarwar ɗaukaka ƙarar kuma gajeriya ce, ko shi kansa zai iya rubutawa ya miƙa ta akwatin wasiƙun shari'a na gidan yarin, ranar da ya miƙa ita ake lissafawa. Bayan wannan sai takardar izinin ɗaukaka ƙara, lauyoyinsu na ce mata COA, in babu ita kotun sama ba za ta ma buɗe maganar ba. Alƙalin da ya yi watsi yakan faɗa a ƙarshen hukuncinsa ko ya bayar ko ya hana, in ya hana sai a roƙi kotun shiyya. Ma'auninta bai kai na beli tsauri ba, a nuna cewa alƙalai masu hankali za su iya saɓani kan maganar. In za a kashe kuɗi to nan ya kamata a kashe, a samu lauyan da ya san wannan fannin, don a 2255 ba dole ba ne gwamnati ta ba shi lauya kyauta duk da kotu na iya naɗa masa in ta ga dama.

Ita hujjar tasa ba ta banza ba ce. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Padilla ta ce wajibi ne lauya ya sanar da wanda ba ɗan ƙasa ba cewa amsa laifi zai iya ja masa kora, a 2017 kuma a shari'ar Jae Lee, ɗan asalin Koriya da ya girma a can, ta ce ko da shaidu sun yi wa mutum yawa zai iya nuna da ya san korar na nan da bai amsa ba. Sai dai inda gizo ke saƙa, tun 2013 ƙa'ida ta sa alƙali da kansa ya gargaɗi mai amsa laifi kan kora, kuma sau da yawa yana rubuce a yarjejeniyar da aka sa hannu. Ki sa matarsa ta nemo rubutaccen zaman ranar da ya amsa laifin, in alƙali ya tambaye shi ya ce eh ya gane, to aikin ya ƙara nauyi, wataƙila ma shi ya sa aka yi watsi. Kuma ku sani ko ya ci nasara ba sallama ba ce, amsa laifin ake sokewa tuhuma ta dawo sabuwa, yana iya samun abin da ya fi shekara 6 in aka sake samunsa da laifi.

Sai batun shige da fice. Damfarar da asararta ta haura dala dubu 10 tana cikin manyan laifukan da ke sa a kori mai girin kad, galibi hukumar ICE mai kamawa da korar baƙi ta riga ta ajiye takardar riƙe shi, ma'ana ko an ba da belin ba gida zai tafi ba, hannunsu zai koma. Dole a haɗa da lauyan shige da fice tun yanzu.

In sugan ya yi tsanani, ya taɓa ƙoda ko ido, akwai wata hanya daban ta sakin jinƙai. Tun dokar First Step ta 2018 fursuna zai rubuta wa shugaban gidan yarin, in kwana 30 ta wuce sai ya kai maganar gaban alƙalin da ya ɗaure shi da kansa. Ya fara neman kwafin takardun asibitinsa daga yanzu, don da su alƙali zai yi aiki.