Tambaya da Amsa: Me Ake Nema a Tsofaffin Mujallun Piyano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar piyano ce, kuma malamin da ya koya mini ya bar mini kwali guda na The Etude, mujallar kiɗa ta Amurka, kafin ya rasu, akasarinsu na tsakanin 1920 da 1940. Wasu sun ce in sayar, wasu sun ce in adana. Shin suna da daraja, kuma idan ina so in ci gaba da tara irinsu, da me zan lura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ji ƙan malaminki. Idan kuɗi kike nufi, gaskiya ita ce ba za su kawo miki wani abin kirki ba, domin an buga mujallar da yawa ƙwarai, kuma har yanzu ana samunta cikin sauƙi a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai. Amma ga mai koyar da piyano, abin da ke cikin kwalin nan ya fi ƙarfin abin da dillali zai taya.

Theodore Presser ne ya kafa The Etude a 1883 a garin Lynchburg na jihar Bajiniya a Amurka, ya mayar da ita Filadelfiya a shekarar da ta biyo baya, kuma ta ci gaba da fitowa har 1957. Abin da ya sa malamai suka riƙe ta hannu bibbiyu shi ne, a tsakiyar kowace fitowa akwai shafuffukan rubutaccen kiɗa, galibi tare da alamar matakin wahalarsa, ta yadda malamin da ke zaune a ƙauye nesa da kantin littattafai zai sami sabon abin da zai ɗora wa ɗalibansa duk wata. Wannan tsakiyar ita za ki fara dubawa a duk wadda za ki saya. Ɗalibai kan cire shafuffukan su kafa a kan piyano, ba kuma sa mayar da su, saboda haka ki bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. Mujallar da bangonta ke sheƙi amma an zare mata kiɗan, a wurina, ba ta kai wadda ta ɗan yage amma take cikakkiya ba.

Ki kuma yi hattara da waɗanda aka ɗinke shekara guda cikin kundi ɗaya. Suna da kyan ajiya, sai dai masu ɗinkin sukan cire bango da shafuffukan talla, alhali a tallan nan ne mai karatu yake ganin irin piyanon da ake sayarwa a lokacin da darussan da ake koyarwa ta hanyar wasiƙa. Idan a cikin naki akwai fitowar Agustan 1924, wadda aka keɓe ga muhawara kan kiɗan jaz, ki ware ta gefe, domin tana nuna yadda hankalin malaman wancan zamani ya tashi da sabon salon da ɗalibansu suka ƙwallafa rai a kansa.

Wani abu da ban so ki raina shi ne rubutun fensir. Za ki iya buɗe shafi ki tarar an soke lambar da aka buga mai nuna yatsan da za a danna piyano da shi, an rubuta 4 a maimakon 3, ko an zagaye wuri guda an sa alamar a sassauta. Dillali zai ce wannan lahani ne. Ni kuwa ina ganin, idan hannun malaminki ne, darasi ne yake ci gaba da ba ki, kuma bai kamata a goge shi ba. Hanzari guda kawai: editocin wancan lokaci sukan ƙara nasu alamomin taka fedar piyano da na ƙarfin sauti a kan ayyukan manyan masu tsara kiɗa irin su Bach ko Mozart ba tare da sun bambanta su da na mai kiɗan ba, don haka ki gwada da bugun zamani kafin ki koyar da ɗalibi.

Idan sha'awar ta yi nisa, akwai mujallun Turai da suka girmi The Etude: Neue Zeitschrift für Musik da mai tsara kiɗa Robert Schumann ya kafa a Leipzig ta Jamus a 1834, da Le Ménestrel ta birnin Faris wadda ta fito daga 1833 zuwa 1940, da The Musical Times ta Landan tun 1844. Shawarata ita ce ki zaɓi mujalla ɗaya ko shekaru goma ki cike giɓinsu tukuna.

Tambaya: Takardun nawa sun yi ruwan ƙasa, kuma gefensu yana karyewa da na taɓa. In manna musu salatif ne ko in sa a lulluɓe su da leda a inji?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi ko ɗaya. Gam ɗin salatif yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita, ledar da aka manna da zafi kuma ba ta ciruwa. Matsalar daga takardar take: tun daga ƙarshen ƙarni na 19 aka koma yin ta da niƙaƙƙen itace mai asid, wanda ke cin ta a hankali har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye, zafi da hasken rana kuma suna hanzarta abin. Ka kwantar da su a kwance cikin kwali marar asid, a wuri mai sanyi da ba laima, nesa da bango da ƙasa saboda fumfuna da kyankyasai. Idan wayar da aka ɗinke tsakiya da ita ta yi tsatsa, ka buɗe ta a hankali ka cire. Kiɗan da kake son bugawa kuwa, ka ɗauki hotonsa ka yi aiki da kwafin.

Tambaya: Zan iya karanta su ba tare da na saya ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Jami'ar Gardner-Webb ta Amurka ta ɗora fitowar The Etude a intanet, kuma kowa yana iya karantawa kyauta. Masu tarawa ma suna amfana da wannan, domin da shi za ka tabbatar da yawan shafuffukan fitowa kafin ka biya kuɗinta.