Ni Namiji Ne, Me Ya Haɗa Ni da Kansar Mama?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 42. Bara yayata ta kamu da kansar mama, aka gwada jininta aka ga ta gaji matsalar ƙwayar halitta mai suna BRCA2. Ni ma na yi gwajin, aka same ta a jikina. To ni da nake namiji, me zan yi? Ko iyalina na kasa faɗa wa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba yayarka lafiya. Ka kyauta da ka je aka gwada ka, domin da yawa sai su ce ciwon mata ne.

Namiji ma yana da tsokar nono, 'yar kaɗan ce a bayan kan nono, kuma kansa na iya tsira a nan. Cikin masu kansar mama 100, kusan 1 namiji ne. Amma ga namijin da ya gaji BRCA2, haɗarin yakan kai wajen 7 cikin 100 a tsawon rayuwa. Wato yawancin masu irin gadonka ba za su taɓa kamuwa ba, don haka ka kwantar da hankalinka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri. Na sha ganin magidanci ya zo da ƙululun da ya shafe watanni yana taɓawa, wai tunda ba zafi ba komai. Alhali rashin zafin ne ya kamata ya tashe shi tsaye.

Ƙa'idar da ƙungiyar cibiyoyin kansa ta Amurka, NCCN, ta shimfiɗa ita ce a fara lura tun daga shekara 35, ka ga har ka ɗan gota. Kowane wata, lokacin wanka, ka lalluba ƙirjinka da hammatarka da yatsu. Sau ɗaya a shekara likita ya duba ka da hannunsa. Idan ka ji ƙululu mai tauri, ko kan nono ya lotsa ciki, ko ruwa ko jini na fita, ko fatar wurin ta tattare, kada ka jira ranar da aka ba ka. Hoton mamogiram kuwa, wato hoton nono da ake ɗauka da na'ura don gano kansa da wuri, ana iya fara shi a shekara 50, ko kafin nan idan wani namiji a danginku ya taɓa kamuwa.

Ka kuma tambayi likitanka gwajin jini na PSA, domin BRCA2 na ƙara haɗarin kansar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Masu irin gadonka daga shekara 40 ake fara musu.

Maganar iyali kuwa, don Allah ka zaunar da maiɗakinka ka faɗa mata. Kowane ɗa ko 'ya da ka haifa, rabi da rabi ne ko ya gada ko bai gada ba, kuma ga 'ya macen da ta gada, haɗarin kansar mama ya ninka naka sau da yawa. Idan sun mallaki hankalin kansu, su ma su je a gwada su.