Tambaya da Amsa: Wa ya rushe majami'ar Bury St Edmunds?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana aikin jinya a wani ƙaramin gari a Ingila mai suna Bury St Edmunds. Ya turo mini hotunan wasu manyan kangaye a tsakiyar lambu, ya ce majami'a ce ta zamanin da. Me ya kai gini irin wannan ƙaramin gari? Kuma yaƙi ne ya cinye shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ba yaƙi ba ne. Sarkin ƙasar ne ya rufe wurin, mutanen gari kuma suka kwashe duwatsun suka yi gidaje. Amma bari mu faro daga tushe, domin garin nan kabari ne ya haife shi.

A shekarar 869 mahara daga Denmak suka kashe Edmund, sarkin Gabashin Angliya, wata masarauta a gabashin Ingila. Labarin da aka gada ya ce ɗaure shi suka yi a jikin bishiya, suka yi ta harbinsa da kibau saboda ya ƙi barin addininsa na Kirista, sannan suka fille masa kai. Mutanensa suka ɗauke shi waliyyi, aka dawo da gawarsa wannan wuri, masu ziyara suka fara tururuwa. A 1020 Sarki Kanut na Ingila ya kafa gidan sufaye, wato Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, a kan kabarin. Abin lura, shi kansa Kanut ɗan Denmak ne.

Inda baƙi suka taru kuwa, ciniki ba ya jiran gayyata. Shugaban sufaye Baldwin, wanda ya riƙe gidan daga 1065 zuwa 1097, shi ya zana titunan garin a miƙe, suna gittawa da juna, ya ware filin kasuwa. Kundin ƙidayar dukiya na 1086 ya nuna an gina gidaje 342 a filin da a da gona ce. Har yau a kan wannan zanen tsakiyar garin take. Majami'ar da ƙanenki ya ɗauki hotonta ta gidan sufayen ce, tsawonta ya haura mita 150, tana cikin mafi girma a Ingila a zamaninta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaman da aka yi tsakanin sufaye da 'yan kasuwa. Shugaban sufaye ba limami kaɗai ba ne. Shi ne mai ƙasa, shi ke karɓar kuɗin kasuwa da na haya, kotu tasa ce, har gidan buga kuɗi gare shi. Masu sayar da ulu da masaƙa suka yi arziki, amma ba su da ta cewa a garin da guminsu ke ciyarwa. Ni dai ina ganin gaskiyarsu. Wanda ke biyan haraji ya cancanci a ji muryarsa.

A 1327 tura ta kai bango. Mutanen gari suka fasa gidan sufaye, suka wawushe kaya, suka rushe ƙofar shiga, suka tilasta wa shugaban ya sa hannu a takardar ba su 'yanci. Bai daɗe ba aka soke takardar, aka hukunta su. Babbar ƙofar da ke tsaye yanzu ita ce aka gina a madadin wadda suka rushe, kuma da gani kin san an yi ta ne da tsoron maƙwabta, har da ramukan harba kibiya. A 1381, lokacin boren talakawa, aka sake tashi, aka fille kan mataimakin shugaban sufaye da na babban alƙalin ƙasa, John Cavendish.

Akwai wani tabo da bai kamata a ɓoye ba. A 1190 aka kashe Yahudawan garin 57, maimakon kuma a kare waɗanda suka tsira, shugaban sufaye Samson ya sa aka kore su. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Garin yana alfahari da cewa a 1214 manyan hakimai sun haɗu a majami'ar, suka yi rantsuwa za su tilasta wa Sarki John ya amince da haƙƙoƙinsu, abin da ya kai ga Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215. Haka dai aka faɗa, kuma taken garin ya ginu a kai.

Ƙarshen gidan ya zo a 1539, bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma ya shiga rufe gidajen sufaye yana ƙwace dukiyarsu. Aka ɓamɓare darmar rufin, aka bar bango ga mai buƙatar dutse. Wasu ma a cikin bangon gaban majami'ar suka gina gidajensu, kuma har yanzu ana zaune a ciki. Sai a 1606 Sarki James na Ɗaya ya ba garin takardar mulkin kansa, kusan shekara 280 bayan boren farko.

Ziyara ta mutu, saƙa ma daga baya ta ja baya, amma noman Safok, yankin da garin yake, ya riƙe garin. Kasuwa na ci Laraba da Asabar. Kamfanin giya na Greene King ya faro a 1799, masana'antar sukari kuma a 1925. Ba da rake take aiki ba, wata saiwa ce mai zaƙi da manoman yankin ke kawowa a manyan motoci daga kaka har cikin hunturu. Majami'ar St James, wadda sufaye suka gina wa mutanen gari a gefen tasu, ita ta zama babbar majami'ar yankin a 1914, hasumiyarta kuwa sai a 2005 aka kammala ta.