Tambayi Likita: An ce maƙoƙo ne, hoton sikanin bai isa ba sai na yi gwajin jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Wata bakwai ke nan da haihuwata, ina shayarwa. Tun bayan arba'in na fara ramewa alhali ina ci sosai, gabana yana yawan faɗuwa, hannuna yana rawa, ga zufa ko da sanyi ake yi. Kwanan nan na ga gaban wuyana ya tasa. Na je wani wurin sikanin, mai hoton ya ce maƙoƙo ne, in nemi likitan tiyata. A asibiti kuma aka rubuta min gwajin jini mai tsada, wai TSH da T4. Tunda hoto ya riga ya nuna, me zai sa in sake kashe kuɗi? Surukata ta ce iska ce, a yi ruƙiyya. Daga Maman Abba, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba ki lafiya. Ki yi gwajin jinin nan, ko da za a rage wani abu a cefane. Da tun farko kin zo wurina da kuɗin abu ɗaya kawai a hannu, jinin zan ce ki yi, hoton ya jira.

A gaban wuyan kowa, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da ake kira tayirod. Ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, narkar da abinci, ɗumin jiki, har da al'ada. Hoton sikanin yana nuna girmanta da siffarta, da ko akwai ƙulli a ciki, da ko ƙullin ruwa ne ko tsoka. Amma ba ya iya faɗin ko tana aiki fiye da kima ko ta gaza. Na sha ganin maƙoƙo kamar lemun tsami biyu a wuyan dattijuwa, jininta lafiya lau. Na kuma ga yarinyar da wuyanta sumul, amma cutar ta kusa kayar da zuciyarta. Ramar ki da rawar hannun ki magana ce ta aiki, kuma jini ne kaɗai ke ba da wannan amsar.

Shi TSH ba daga wuya yake fitowa ba. Wata ƙwaya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, take aiko shi ya umarci tayirod. Kamar mai amalanken shanu ne: in shanun suka yi nawa sai ya ƙara bulala, in suka zabura da gudu sai ya ajiye ta. Shi ya sa ake karanta sakamakon a juye. TSH ya hau, tayirod ta gaza. TSH ya faɗi ƙasa, T4 ya hau, ta wuce gona da iri. A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na daidai shi ne wajen 0.4 zuwa 4.0, amma ki dubi adadin da aka buga a gefen takardar ki, don kowane wuri da ma'auninsa. Ba sai kin je da yunwa ba. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu sinadarin bayotin, ki dakata kwana biyu zuwa uku kafin a ɗibi jinin, saboda suna ruɗa na'urar. In zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ke, ki faɗa wa likita, shi ma yana jirkita sakamako.

Da abin da kika bayyana, ina zargin abu biyu. Akwai kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ke samun kusan mace biyar cikin ɗari. Yakan fara da saurin aiki a watannin farko, ya koma gazawa, kuma yawanci yana wucewa cikin shekara ko shekara da rabi. Akwai kuma cutar Graves, inda garkuwar jiki ke zuga tayirod ba tsayawa, wani lokaci har idanu su firfito. Tsawon watannin da kika yi kina ramewa ya fi karkata ni ga ta biyun. Gwajin jinin da ke raba su shi ne TRAb, mai neman sinadaran garkuwar jiki da ke zuga tayirod. Bambancin yana da nauyi, domin maganin kabimazol, mai rage aikin tayirod, yana aiki ga Graves, amma ba ya amfanar ɗayan. Ana iya shayarwa da shi a ma'aunin da likita ya yanke. In an ɗora ki a kai, ranar da kika ji ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ki tsayar da shi, ki je a duba jinin ki a ranar.

Maganar tiyata ita ta fi tayar min da hankali. Ba a kai wuƙa ga tayirod da ke gudu sai an kwantar da ita da magani tukuna, in ba haka ba zafin jiki da bugun zuciya na iya ɓarkewa a kan gadon aiki, abin ya kai ga rai. Mai ɗaukar hoto bai da hurumin yanke wannan hukunci. Ko da an ga ƙulli, fiye da tara cikin goma ba daji ba ne, kuma wanda ake shakka a kansa siririyar allura ake sawa a ɗebo kaɗan a duba. Akwai wani hoto da ake yi da sinadari mai burbushin nukiliya, ba a yi wa mai ciki, ke kuma mai shayarwa kada ki yarda da shi sai likita ya san kina ba da nono. Kada ki fara shan aidin da kanki, yana iya ƙara rura abin. Gishirin kasuwa mai aidin, wanda Najeriya ta wajabta tun 1993, ya wadatar.

Addu'a kuwa ku ci gaba da yi, ba wanda ya hana. Ki tafi da Hajiya surukar ki asibiti ranar karɓar sakamako, ta ji bayanin da kunnenta.

TAMBAYA: Likita, matata ta zubar da jini sosai wajen haihuwa shekara biyu da suka wuce. Nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, kullum kasala da jin sanyi. An yi TSH aka ce lafiya lau. Daga Malam I., Maraɗi.

AMSA: Malam, kada ku tsaya a nan. Wannan yana cikin wuraren da TSH shi kaɗai ke yaudara. Zubar jini mai yawa na iya lalata fituwitarin kanta, abin da ake kira cutar Sheehan, kuma a ƙasashenmu da mata da yawa ke haihuwa a gida ba baƙuwa ba ce. In ita mai aiko da umarnin ce ta samu rauni, TSH na iya fitowa daidai alhali T4 yana ƙasa. A auna mata T4, da sinadarin kotizol da misalin ƙarfe takwas na safe, da furolaktin mai sa nono ya zo, da FSH da LH masu tsara al'ada, da gishirin jini. Hoton MRI na kai yana taimakawa in da hali, amma ba a jiransa kafin a fara magani. In kotizol ya yi ƙasa, shi ake fara mayarwa kafin maganin tayirod, domin juya tsarin na da haɗari. Ku gaya wa likita labarin haihuwar nan tun daga farko, ko bai tambaya ba. In kuma ta fara amai da jiri ko ta suma, ku kai ta sashen gaggawa nan take, ku ambaci zubar jinin.