Ƙafata na mutuwa, ina tsoron ko ALS ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, tela ne ni a Tudun Wada. Wata uku kenan ƙafata ta hagu ba ƙarfi, wani lokacin ina jin kamar kiyashi na yawo a ciki, naman sharaɓata kuma yana rawa shi kaɗai, ga ciwon baya. Na duba a Google na ga cutar ALS irin ta masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking, tun ranar bana barci. Don Allah ita ce?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ban duba ka ba, to ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma abin da ka faɗa bai yi kama da ALS ba. Ita wannan cutar jijiyoyin motsi take kamawa, galibi ba ta taɓa jijiyoyin da ke sa mutum ya ji taɓi ko zafi a jiki, shi yasa wannan kiyashin da ciwon bayan suke nuna mana wata hanyar daban. Kuma ba ta da yawa, wajen mutum 2 cikin 100,000 take kamawa a shekara, akasarinsu sun haura 50. Rawar nama kuwa ita kaɗai ba komai ba ce, gajiya da rashin barci da yawan shan shayi ko kofi da ita kanta fargabar duk suna kawo ta.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne bambancin jin kasala da ainihin rashin ƙarfi, don a nan muke fara rarrabewa. Ka gwada tafiya da dunduniya, sannan da kan yatsu. Silifas na zamewa daga ƙafarka ba ka sani ba? Kana yawan tuntuɓe? In ka taso daga sujada sai ka dafa gwiwa ko bango? Fedar keken ɗinkin fa, tana gagarar ka? Amsoshin nan ka tafi da su wajen likita, sun fi "ƙafata ba ƙarfi" amfani sosai.

A mutum mai zama kan keke tun safe har dare, abu na farko da zan yi zargi shi ne faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya gurɗe ya danne jijiya. Amma wanda ya fi tayar min da hankali a nan ƙasarmu shi ne tarin fuka na ƙashin baya, don mutane sun ɗauka tibi sai da tari, alhali tana cin ƙashin baya a hankali har ta danne laka, mutum yana ta shafa man zafi ana masa kamu wata da watanni har ƙafafun su tafi, kuma wallahi abin takaicin tana da magani in an kama ta da wuri. In kana rama, ko zufar dare, ko zazzaɓin yamma, ka faɗa ko ba a tambaye ka ba. Sai ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, ƙarancin sinadarin fotashiyam a jini, matsalar tayirod (wata ƙwaya ce a gaban wuya, ita ce in ta kumbura ake cewa maƙoƙo). Sannan su dexamethasone da prednisolone da ake saya a kyamis, yawan shan su na cinye naman cinya.

Ka je asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ka fara da likitan da zai duba ka da hannu, ya buga gwiwa da ɗan guduma, ya gwada ƙarfin kowace tsoka. Gwajin jini ne zai biyo baya, hoton MRI ko gwajin jijiya na EMG kuma sai in shi ya ga buƙata, kar ka kashe kuɗinka kan hoton da ba a rubuta maka ba.

Amma in fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zubo maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko raunin ya kama ƙafa biyu yana hawowa sama cikin kwanaki, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, a kai ka sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Ka rubuto min abin da gwajin ya nuna, ina so in ji.