Mahaifiyata Na Fama Da Cutar Mantuwa, Ni Ma Zan Gada?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekararta 76, shekara uku ke nan tana rikicewa: ta ɗora tukunya ta manta, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. An ce cutar mantuwa ce. Ni shekarata 47, ina da hawan jini, amma sai kaina ya yi ciwo nake shan magani, don an ce min yau da gobe yana lalata ƙoda. Shin gadonta ake yi? Abin ya hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama sauƙi. Malama, ki kwantar da hankalinki a kan gado. Nau'in Alzheimer (ɗaya daga cikin cututtukan mantuwa) da ake gada kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma yakan bayyana kafin shekara 65. Na Mama ya faro ne tana 73. Haɗarinki ya ɗan ɗara na wadda ba ta da ita a gida, iyakarta ke nan. Babban abin shi ne shekaru: daga 65, haɗarin na ninkuwa kusan duk shekara biyar.

Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, yawan kitse a jini, rashin motsa jiki, buguwa a ka, ciwon damuwa, kaɗaici, raguwar ji da ta gani.

Amma abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne maganin nan da kike sha yau ki bari gobe. Wa ya gaya miki ciwon kai ne ma'aunin hawan jini? Mutum na iya yawo da awon jini 170/100 yana jin kansa garau. A lokacin jinin na dukan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, bangonsu ya yi kauri, hanyar ta tsuke, wasu su toshe. Kowace toshewa na kashe ɗan wuri kamar ƙwayar hatsi, ba shanyewar ɓarin jiki, ba karkacewar baki, babu wanda zai lura. Bayan shekara ashirin sai a ga mutum tafiyarsa ta sauya, lissafin kuɗi ya gagare shi, a ce tsufa ne. Ɓarnar tun yana ɗan arba'in aka fara ta, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Batun ƙoda kuwa, an juya miki zancen ne. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ke cinye ƙoda. Masu yaɗa wannan jita-jita sau da yawa su ne ke sayar da garin "wanke jijiya" da "kaifin ƙwaƙwalwa", wanda ba su san abin da ke cikinsa ba balle adadinsa. Kullum muna karɓar waɗanda suka saurare su.

Ki koma wurin likitanki a daidaita miki magani, ki sha kullum a lokaci ɗaya. Ki samu na'urar awo ta damtse, ki zauna minti biyar kafin ki auna, safe da yamma na mako guda, ki rubuta. Ana so lambar sama ta tsaya a 130 ko ƙasa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, tafiya da sauri minti 150 a mako. A duba suga, kitsen jini da aikin ƙoda duk shekara.

Ita kuma Mama, a gwada jinta da ganinta. Idan rikicewarta ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a kai ta asibiti a ranar, domin sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko faɗuwar suga, ko wani maganin barci da aka ba ta.